KO HANKALI KAƊAI ZAI IYA KAI MUTUM GA ALLAH?

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni sura 17, daga aya 16 zuwa 34. Muna roƙo ku buɗe wurin ku karanta tukuna, gama a kansa maganarmu za ta tsaya.

Abin da ya jawo wannan magana wata wasiƙa ce daga wani dattijon ikkilisiya. Ɗansa ya dawo hutu daga jami'a, ranar Lahadi ta zo ya ƙi zuwa sujada. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ba wanda ya taɓa ba shi hujja cewa akwai Allah, gado ne kawai aka miƙa masa. Uban ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya buɗe masa ayoyi. Yaron ya ce, "Baba, littafin da nake tambaya a kansa shi ne kake kawo mini ya zama mashaidi." Tun daga ran nan ba su ƙara zama kan tabarma ɗaya ba. Dattijon yana so ya sani, shin akwai abin da za a faɗa wa wanda bai yarda da Littafi Mai Tsarki ba tukuna, ko kuwa sai dai a zuba masa ido?

Akwai, baba. Ɗanka kuma ba shi ne farkon mai wannan tambaya ba. Sa'ad da Manzo Bulus ya tsaya a Atina gaban masanan Helenawa, bai buɗe musu Musa ko annabawa ba, domin ba su san su ba. Ya fara ne daga wani bagade da ya gani a birninsu wanda aka keɓe wa allahn da ba a sani ba, ya kawo maganar mawaƙansu, ya yi musu zancen wanda ya yi duniya, wanda ba ya bukatar kome daga hannun mutum. Daga abin da suka sani ya bi da su. Masanan ikkilisiya sun bi wannan sawu shekaru da yawa, sun kuwa bar mana hujjoji. Waɗansu suna da ƙarfi, waɗansu suna ɗingishi, za mu kuwa faɗa muku gaskiya a kan kowace.

Wadda muke gani ta fi ƙarfi ita ce hujjar asalin abubuwa. A ce wani manomi ya je aron garma wurin maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya ce shi ma ba shi da ita, amma zai aro masa a gidan gaba. Na gidan gaba ya ce shi ma sai ya aro. Ko gidajen sun kai dubu, ko ma ba su da iyaka, in ba gida ɗaya da yake da garma tasa ta kansa, ba za a yi huɗa a garin nan ba. To, ga shi mun tarar an yi huɗa. Ashe akwai mai garma. Haka zancen kasancewa yake. Mu ba mu kawo kanmu duniya ba, daga iyaye muka fito. Itace daga iri, iri daga wani itace, ruwan sama daga girgije, girgije daga teku da zafin rana. Kowane abu da muka sani aron kasancewa ya yi, da ma yana yiwuwa a ce babu shi. In duka masu aro ne, daga ina abin da ake ara ya fito? Lalle akwai wani wanda kasancewarsa tasa ce, bai karɓa daga kowa ba.

Toma Akwinas, malamin ikkilisiya ɗan Italiya wanda ya rasu a 1274, ya jera hanyoyi biyar na nuna akwai Allah, uku na farko duk dangin wannan ne. Bai ɓoye inda ya ɗebo ruwansa ba: ya karanta Aristotal Baheleni, da Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, da Musa ɗan Maimuna malamin Yahudawa. Akwai kuma 'yar'uwar wannan hujja, wadda take cewa duk abin da yake da farko yana da wanda ya fara shi, duniya kuwa tana da farko. Wani Kirista na Iskandariya mai suna Yahaya Filoponus ya kare ta a ƙarni na 6, ta shiga Larabci, Imam Gazali wanda ya rasu a 1111 ya ƙara mata kaifi. Maƙwabtanmu Musulmi da suka karanta tauhidi a zaure sun san ta sarai, domin da ita littafin Ummul Barahin na Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, yake kafa dalilin samuwar Allah. Muna da bambanci da su a kan manyan abubuwa, amma a wannan gaɓa rijiya ɗaya muka sha. Abin lura, shi Akwinas bai yarda hankali kaɗai zai iya tabbatar da cewa duniya tana da farko ba. Ya ce wannan ta wurin wahayi muka san shi, shi ya sa ya gina hujjarsa yadda za ta tsaya ko da duniya ba ta da ranar farawa.

Mun san abin da yaron zai ce: to, wa ya yi Allah? Amsa ita ce, hujjar ba ta ce kome da kome yana da mai yinsa ba. Ta ce duk mai aro yana da wanda ya ara masa. Tambayar wa ya ara wa mai garma garmarsa ba ta da wurin zama. Amma akwai tambayar da ta fi wannan wuya, wani ya kuwa yi ta a rediyo, duniya tana ji.

A watan Janairu 1948 gidan rediyon BBC a Ingila ya zaunar da mutum biyu su yi muhawara a kan wannan batu. Ɗaya Bertrand Russell ne, tsoho mai shekara 75, gwanin lissafi da falsafa, wanda ya ce shi bai ce babu Allah ba, amma bai ga abin da ya tabbatar masa akwai shi ba. Ɗayan kuwa Frederick Copleston, fada na Katolika mai shekara 40, masanin tarihin falsafa. Abu na farko da suka yi ya isa koyi: kafin gardama, sun daidaita a kan abin da suke nufi da kalmar Allah, wato Maɗaukaki mai sani da nufi, wanda yake dabam da duniya, shi ne kuma ya halicce ta. Sau nawa mukan yi ta musu a kasuwa ko a mota har murya ta dushe, alhali kowa abin da yake nufi dabam!

Copleston ya shimfiɗa hujjar aro. Russell ya amsa da misali mai kaifi. Ya ce kowane mutum yana da uwa, amma wannan bai sa a ce 'yan Adam gaba ɗaya suna da wata uwa guda ba. Don kowane abu a cikin duniya yana da sanadi, ba dole ne duniya dukanta ta zama tana da sanadi ba. A ganinsa duniya tana nan ne kawai, shi ke nan, ba a tambayar dalilinta. Copleston ma yana da nasa misalin, ya ce in ka yi ta tara alewar cakulan har abada, cakulan za ka samu, ba za ta rikiɗa ta zama tunkiya ba. Tarin masu aro, kome yawansu, ba zai zama mai abu ba.

Wa ya yi nasara? Ba wanda ya sauya ra'ayi a ranar, kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi. Dole mu yarda Russell ya taɓa gaskiya a wuri ɗaya: ba kullum abin da yake ga ɓangare yake ga duka ba. Amma wani lokaci yakan zama haka. In kowane tubali na laka ne, katangar ma ta laka ce, ruwa kuwa zai ci ta kamar yadda zai ci tubali guda. Tambayar ita ce, duniya ta fi kama da katanga ko da zancen uwa? Mu a namu gani ta fi kama da katanga, gama ba mu ga wani abu a jikinta da ya nuna tilas ne ta kasance ba. Akwai kuma abin da yake damunmu a amsar Russell. Dukan ilimin kimiyya ya ginu ne a kan ƙin yarda cewa ruwa yana tsami banza. Likita ba ya cewa zazzaɓi yana nan ne kawai. Don me za a yi ta tambayar dalilin ƙananan abubuwa, sa'an nan da aka iso kan babbar tambaya a ce a nan ne aka hana tambaya? Duk da haka, mutum yana iya tsayawa inda Russell ya tsaya ba tare da ya zama mahaukaci ba. Hujjar tana jan hankali, ba ta ɗaure shi da igiya.

Da suka zo kan nagarta da mugunta, a nan ne muke gani tsohon ya rasa wurin taka ƙafa. Shekara uku ke nan ba su cika ba da gama Yaƙin Duniya na Biyu, Copleston ya kawo zancen shugaban sansanin Belsen, inda mutanen Hitila suka hallaka dubban mutane. Ya tambaya da me za a ce abin da mutumin nan ya yi mugunta ne. Russell ya ƙi jinin abin ƙwarai, ba mai shakkar wannan. Amma ya ce yana rarrabe nagarta da mugunta kamar yadda yake rarrabe shuɗi da rawaya, sai dai launi da ido ake ganinsa, wannan kuwa da abin da zuciya take ji. To, in shi mai kisan zuciyarsa ta ji daɗin abin fa? Wa zai raba gardama tsakanin zuciya da zuciya? Ba muna cewa marar bangaskiya ba ya iya aikata kirki ba. Mun san waɗansunsu da suka fi masu zuwa sujada riƙon amana, Romawa sura 2 ma ta shaida cewa al'ummai suna da shari'a a zuciyarsu. Abin tambaya shi ne wa ya rubuta ta, me ya sa kuma take da iko a kanmu ko a ranar da ba mu so.

Akwai wata hujja da ba mu ba ku shawara ku ɗauka zuwa wurin mai shakka ba. Anselm, wanda daga baya ya zama babban bishop na Kantabari a 1093, ya rubuta ta wajen 1078 yana gidan sufaye na Bek a Faransa. Ya ce Allah shi ne wanda tunani ba zai iya kai wa ga wanda ya fi shi ba. Abin da yake a zahiri ya fi wanda yake cikin tunani kawai, saboda haka in Allah cikin tunani kawai yake, ashe ana iya tunanin wanda ya fi shi, wannan kuwa ya rushe ma'anar da aka fara da ita. Wanda ya fara ƙin wannan ba arne ba ne, wani sufi ne mai bi, sunansa Gaunilo. Ya ce in haka ne, bari shi ma ya yi tunanin tsibirin da ya fi kowane tsibiri kyau, sa'an nan ya ce tilas yana can cikin teku. Akwinas ma bai karɓe ta ba. A 1781 Immanuel Kant na Jamus ya nuna cewa kasancewa ba wata siffa ce da ake ƙara wa abu ba: kuɗin da kake tunani da wanda yake aljihunka lissafinsu ɗaya ne, bambancin sai ka je kasuwa. Har yau akwai masanan da suke gyara hujjar suna kare ta. Abin da ya fi burge mu shi ne halin Anselm. Da sukar Gaunilo ta iso masa, ya gode, ya rubuta amsa, ya ce duk mai kwafe littafinsa ya haɗa da sukar da amsar tare.

Hujjar da ta fi shiga wa'azinmu ita ce ta tsari. A 1802 wani fasto na Ingila, William Paley, ya ce in kana tafiya a fili ka yi tuntuɓe da dutse ba za ka yi mamaki ba, amma in ka tsinci agogo, ka ga yadda haƙoransa suke cin juna, ka san akwai maƙerinsa. Ido kuwa ya fi agogo gwaninta. Maganar tana da daɗin ji, Zabura 19 da Romawa sura 1 ma suna nuna mana halitta a matsayin mashaidiya. Sai dai yaron da ya shiga jami'a ya riga ya ji amsoshin. David Hume, a littafinsa da ya fito a 1779 bayan mutuwarsa, ya riga ya ce ko an yarda akwai mai tsarawa, wannan bai nuna shi ɗaya ne ba, bai kuma nuna marar iyaka ne ba, gama jirgin ruwa ma mutane da yawa suke haɗuwa su ƙera shi. Sa'an nan Charles Darwin, wanda ya karanta Paley yana ɗalibi ya kuwa so shi, ya fito da bayaninsa a 1859 na yadda masu rai suke sauyawa sannu a hankali, wanda ya dace da wurinsa ya rayu ya haifu, wanda bai dace ba ya ƙare. Kiristoci sun rabu a kan yadda za a karɓi wannan, ba kuwa yau za mu shiga ciki ba. Amma wanda zai ɗauki misalin ido ya je wurin ɗalibin kimiyya, ya sani an tanada masa amsa.

A zamaninmu hujjar tsari ta koma wani mataki. Masana sun gano cewa ma'aunan da duniya take tafiya a kansu, kamar ƙarfin da yake jan abu zuwa ƙasa da wanda yake riƙe ƙwayar zarra, da waɗansunsu sun goce kaɗan da ba a sami taurari masu daɗewa ko sinadaran da jiki yake bukata ba. Masu bi suna cewa ga hannun mai awo. Masu shakka suna cewa watakila duniyoyi ne birjik, tamu ce ta faɗo daidai, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin wata. A nan ma akwai gargaɗi, daga bakin mai bi kuwa ya fito. Georges Lemaître, fada ne ɗan Beljiyam kuma masanin taurari, shi ne ya nuna a 1927 cewa sararin sama yana buɗewa, a 1931 kuma ya ce in aka bi baya za a iske duka ya taso daga wuri guda. Yau masana suna lissafta shekara wajen biliyan 13.8 daga wannan mafari. Sa'ad da Paparoma Piyus na 12 ya yi jawabi a 1951 kamar kimiyya ta tabbatar da labarin Farawa, Lemaître bai ji daɗi ba. Ya san ilimin kimiyya yakan sake riga, wanda kuwa ya ɗaure bangaskiyarsa a jikin binciken bana, baɗi yana iya kwana a waje.

Ba za mu yi adalci ba in muka ɓoye hujjar da take ɗaya gefen, ita ce kuwa mai nauyi. In Allah mai iko duka ne, nagari ne kuma, daga ina wahala? Akwinas da kansa ita ya fara kawowa a kan kansa kafin ya jera hanyoyinsa biyar. Ran 1 ga Nuwamba 1755, ranar idin tsarkaka, girgizar ƙasa ta rushe birnin Lizbon na Fotugal da safe, mutane da yawa suna cikin majami'u, dubun dubbai suka mutu. Turai duka ta yi ta tambaya ina Allah yake. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tambaya. Mun binne yaran da zazzaɓi ya ɗauke, mun binne waɗanda aka kashe a gonakinsu. Amsar da akan bayar, cewa Allah ya ba mutum 'yancin zaɓi mutum kuwa ya zaɓi mugunta, ta bayyana aikin mai bindiga, amma ba ta bayyana girgizar ƙasa sosai ba. Gara mu faɗi haka a fili. Abokan Ayuba suna da bayani a kan kome, a sura 42 kuwa su ne Ubangiji ya tsauta wa. Abin da Kirista yake da shi a nan ba lissafi ba ne, gicciye ne: Allahn da muke bauta wa ya shiga wahalar da kansa. Mai shakka yana iya cewa wannan bai ishe shi ba, amma kada mu ba shi wata amsa mai arha a madadinta.

To, a ce dukan hujjojin nan sun ci, ina suke sauke mutum? Antony Flew, Bature ɗan Ingila wanda ya yi shekara wajen 50 yana rubutu a kan babu Allah, ya ba da mamaki a 2004 da ya ce yanzu ya yarda akwai wani mai hikima da ya kafa duniya. Amma bai zama Kirista ba, ya ce Allahn da ya yarda da shi ba ya sa hannu cikin al'amuran mutane. Iyakar inda jakin hankali ya kai shi ke nan. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta tuna mana cewa aljannu ma sun san Allah ɗaya ne, sanin bai cece su ba. Blaise Pascal, gwanin lissafi na Faransa, ya san hujjojin masana sarai. Bayan rasuwarsa a 1662 aka tarar da wata takarda ɗinke cikin rigarsa, inda ya rubuta abin da ya same shi a daren 23 ga Nuwamba 1654. Wanda ya sadu da shi a daren nan, in ji takardar, Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, ba na masu falsafa ba. A Atina ma haka ta faru. An saurari Bulus lafiya lau yana zancen Mahalicci, da ya iso kan tashin matattu sai taron ya rabu uku: waɗansu suka yi ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyas da wata mace mai suna Damarisa.

Saboda haka, baba, ga abin da muke ba ka shawara. Ka kira yaron, ka ce ka ji tambayarsa, ba ta ba ka tsoro ba. Ka tambaye shi wane Allah ne yake cewa babu, gama yana yiwuwa wanda ya ƙi kai ma ba ka taɓa bauta masa ba. Ka ba shi misalin garma, ka bar shi ya kawo amsar Russell, ku juya ta tare. Inda ya fi ka sani ka ce ya fi ka, inda ba ka da amsa ka ce ba ka da ita. Kada ka hana shi abinci ko kuɗin makaranta a kan wannan, kada kuma ka kai ƙararsa gaban dattawa tun ba ka zauna da shi ba. Wasiƙar Bitrus ta fari sura 3 aya 15 ta umarce mu mu zauna da shirin ba da amsa, ta kuma faɗi irin halin da za a ba da ita, ka karanta ayar har ƙarshenta. Ka kuma bincika a hankali ko akwai wani abu a bayan tambayar, wataƙila rasuwar wani aboki, ko abin da ya gani a hannun wani shugaban ikkilisiya wanda ya ɓata masa rai. In akwai, wannan za ka fara saurara kafin zancen Akwinas.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu koma kan tambayar wahala ita kaɗai. Kafin nan ku karanta Ayuba sura 38 zuwa 42, ku ƙidaya tambayoyin da Allah ya yi wa Ayuba, ku duba kuma ko ya amsa masa tasa. Wanda yake da tambaya ya rubuto mana kamar yadda dattijon nan ya yi. Ubangiji ya kiyaye ku har mu sake saduwa.